Damuwa a Zuciya, Ciwo a Jiki: Ina Gaskiyar Yi wa Rai Magani ta Hanyar Jiki?

Duk mai leƙa Facebook ko TikTok a 'yan kwanakin nan, da wuya bai ci karo da bidiyon masu koyar da "fitar da damuwa daga jiki" ba. Wannan ya ce a ja numfashi a riƙe, waccan ta ce a miƙe a karkaɗe hannuwa da ƙafafu na minti biyar, wani kuma ya rantse cewa duk baƙin cikin da mutum ya haɗiye tun yana yaro yana nan maƙale a kafaɗunsa. Ana ta tura su a zaurukan WhatsApp na dangi da na tsofaffin ɗalibai. A ɗaya gefen, tun da tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, zancen ciwon damuwa ya fito fili a rediyo da wuraren wa'azi. Sai mai sauraro ya rasa wanda zai kama. Ciwon nan na likita ne, na malam ne, ko kuwa abu ne da mutum zai kakkaɓe da kansa a tsakar gida?

Kalmomin da ake cakuɗawa

Kalmar damuwa babban buhu ce, komai ana zubawa. Wanda kuɗin makarantar 'ya'yansa ya taso hannunsa babu komai yana cikin damuwa, haka wadda aka yi wa kishiya, haka wanda ya wayi gari ba ya son tashi daga shimfiɗa kuma bai san dalili ba. Likitoci suna rarrabe su. Damuwar yau da gobe tana da sanadi, kuma takan lafa idan sanadin ya gushe. Ciwon damuwa kuwa ƙunci ne ko fitar komai daga rai da ya ɗauki aƙalla mako biyu kusan kullum, ya taɓa barci da cin abinci da kuzari, har ya hana mutum sana'arsa. Akwai ciwon fargaba, inda gaba ke ta faɗuwa babu wani abin tsoro a zahiri. Sai kuma ciwon firgita da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da PTSD: abin da ya faru ya riƙa dawo wa mutum a mafarki da ido biyu, ya riƙa guje wa duk abin da zai tuna masa, ya zauna kullum a zabure, fiye da wata guda. A 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar da shi kundin cututtukansu, bayan abin da suka gani ga sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ke nufin hauka, duk da cewa gudun wannan suna ne ke hana da yawa zuwa asibiti.

Shi ma magani ta hanyar jiki inuwa ce da ta tara abubuwa mabambanta. Akwai waɗanda kowa ya sani: tafiyar ƙafa, daidaita numfashi, sassauta tsoka, gyara barci, tausa. Akwai kuma waɗanda sai an koya, inda mai magani, maimakon ya ce "ba ni labari", sai ya ce "a ina kake jin abin a jikinka yanzu?" Hujjar da ke bayan kowanne daban ce, amma bidiyoyin nan kuɗin goro suke yi musu.

Gaba, hanta da gwiwa

Ga Bahaushe, cewa abin da ke zuciya yana sauka a jiki ba labari ba ne. Wanda ya ji mummunan labari gabansa ne ke faɗuwa. Wanda ya tsorata hantar cikinsa ce ke kaɗawa, cikinsa ya ɗuri ruwa, tsikar jikinsa ta tashi. Wanda ya karaya gwiwarsa ta yi sanyi. Baƙin ciki da farin ciki duk a ciki muka ajiye su. Wanda aka zalunta ya kasa ramawa cewa yake wani abu ya tokare masa ƙirji, kuma har gobe idan mutum ya yanke jiki ya faɗi bayan an ƙuntata masa, za a ce haɗiyar zuciya ya yi.

A ɗauki misalin da duk mai kemis a Tudun Wada ko Sabon Garin Zariya ya san irinsa. Bayan magariba wata mata ta tsaya a bakin kanti.

"Malam, a ba ni na maleriya da taifot."

"Hajiya, ba makon jiya kika sha ba?"

"Na sha, bai sake ni ba. Tsakiyar kaina zafi kamar an ɗora garwashi, ga wani abu yana min yawo a jiki. Da dare kuma gabana ya yi ta faɗuwa har asuba."

Ya haɗa mata wasu ƙwayoyi, ya ce in ba ta ji dama ba ta dawo a ƙara mata ruwa. Bai tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba, cewa bara maigidanta ya yi makonni a hannun masu garkuwa, aka sayar da fili aka karɓo shi, kuma tun daga lokacin duk wayar da ta yi ƙara da dare sai ta ji kamar ranta zai fita.

Ba ƙarya take yi ba, kan yana ciwo da gaske. Amma akwai dalilin da ya sa ciwon kai ya fi sauƙin faɗa. Mai ciwon jiki ana zuwa masa dubiya, a ce sannu, a ɗauke masa aiki, a damo kunu. Wadda ta ce zuciyarta ce a ƙuntace, abin da za ta fara ji shi ne "ki yi haƙuri, ki yi tawakkali", wani lokacin har da tunin cewa wasu sun fi ta shiga uku. Ga kunya, wadda ba za ta bar ta ta zazzage sirrin gidanta wa baƙon namiji a bakin titi ba.

An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin ɗabi'ar mutanen Afirka da Asiya. Wani babban bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya a asibitocin matakin farko na ƙasashe 14, Ibadan na cikin cibiyoyinsa, ya raunana wannan zato. Sakamakon da aka buga a 1999 ya nuna kashi 69 cikin 100 na masu ciwon damuwa da koken jiki kaɗai suka je wa likita, kuma ko a inda abin ya fi ƙaranci kashi 45 ne. Da aka tambaye su kai tsaye halin da zuciyarsu ke ciki, kashi 11 ne kawai suka musa. An kuma ga cewa zuwa da koken jiki zalla ya fi yawa a wuraren da majiyyaci ba shi da tsayayyen likitan da ya saba da shi. Wato mutane ba ɓoyewa suke yi ba. Ko dai ba a tambaye su ba, ko kuma mai tambayar baƙo ne.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

A ce mutum yana kan hanyar Kaduna da dare ya ji ƙara. Kafin ya tantance bindiga ce ko taya ce ta fashe, wani ɗan sashe a can cikin ƙwaƙwalwa ya riga ya buga ƙararrawa. Wasu ƙananan gaɓɓai biyu da ke zaune a saman ƙoda su saki sinadarin adirenalin cikin jini. Zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarce, jini ya karkata zuwa tsokar hannu da ƙafa, aikin narkar da abinci ya dakata, yawu ya ƙafe. Daga baya sinadarin kotizol ya biyo ya ɗaga sukarin jini don a sami ƙarfi. Walter Cannon na Jami'ar Harvard ne ya bayyana wannan tsari a 1915, aka san shi da shirin faɗa ko gudu. Wasu ba sa yin ko ɗaya, sandarewa suke yi, daga baya su yi ta zargin kansu: me ya sa ban yi ihu ba, me ya sa ban ruga ba? Alhali ba su suka zaɓa ba.

An yi tsarin ne don ya tashi ya kwanta. Matsala tana zuwa idan ya ƙi kwanciya, kamar janareton da aka bari yana ruri bayan an kawo wuta. Tsokar wuya da kafaɗa ta zauna a ɗaure, kai da baya su yi ta ciwo, ciki ya rikice, barci ya ƙaurace, ƙarar salansar babur ma ta isa ta sa mutum ya zabura.

Birkin wannan inji yana da alaƙa da wata doguwar jijiya da ake kira bagus, wadda ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa ta bi wuya ta isa zuciya da huhu da hanji. Kusan kashi 80 cikin 100 na zarenta saƙo suke kaiwa sama, daga jiki zuwa ƙwaƙwalwa. Kuma bugun zuciya yana ɗan ƙaruwa idan an shaƙi iska, ya ɗan ragu idan an fitar. Shi ya sa ake koyar da jan numfashi sannu a hankali, kamar sau shida a minti maimakon 12 zuwa 20 da aka saba, tare da tsawaita fitarwa. Numfashi na cikin 'yan ayyukan da jiki ke yi da kansa amma mutum yana iya karɓar linzaminsu.

Akasin haka ma yana faruwa. Wanda tsoro ya kama yana haki da sauri, yana fitar da iskar kabon fiye da kima, sai jiri ya ɗebe shi, leɓe da yatsu su mace, wani lokacin hannu ya ƙandare. Ganin haka sai ya sakankance mutuwa ce ta zo, ko jifa aka yi masa, tsoron ya ninku, hakin ya ƙaru.

Daga ina zancen ya taso

Tsohon zance ne. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Yaƙubu, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusuf. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta cewa lafiyar jiki da ta rai a sarƙe suke, har ya bambanta baƙin ciki mai sanadi da wanda ke faɗo wa mutum ba dalili, ya ce na biyun daga jiki yake kuma yana buƙatar magani.

A Najeriya, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta a 1954, inda ake sauke marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa da ɗan uwansa, suna cuɗanya da jama'a, ana kuma aiki da masu maganin gargajiya. A 1960 wani likita ɗan Kanada da ya yi aiki a can, Raymond Prince, ya bayyana wani ciwo da ya gani ga ɗalibai: zafi ko yawon wani abu a ka, dishi-dishin ido, karatu ya ƙi zama. Duk wanda ya kwana a ɗakin ɗalibai na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ko Kongo ana gobe jarrabawa ya ji irin wannan koke.

Guguwar da ta iso wayoyinmu kuwa daga Amurka ta taso. Peter Levine ya gina hanyarsa a kan lura da cewa dabbar dawa idan ta kuɓuta daga bakin zaki takan yi rawar jiki kafin ta koma kiwo. Stephen Porges ya fito da nazariyyarsa kan jijiyar bagus a 1994. Likita Bessel van der Kolk kuma ya wallafa littafi a 2014 da ya yi kasuwa ƙwarai, shi ya kai zancen ga gama-garin mutane.

Inda masana suka rabu

Ɓangaren farko suna cewa magana ita kaɗai ba ta isa. Wanda aka ɗora wa bindiga a ka ya san sarai yau yana gida lafiya, amma sanin bai hana gabansa faɗuwa ba. Don haka, a ganinsu, sai an koya wa jiki da kansa cewa hatsarin ya wuce: a lura da abin da ake ji kaɗan-kaɗan, a ja baya idan ya yi yawa, a sake komawa. Suna da 'yan gwaje-gwaje a hannu. Wani da aka yi a Isra'ila aka buga a 2017, mai mutum 63, ya nuna hanyar Levine ta rage alamun firgita. Wani na 2014 a kan mata 64 ya nuna sama da rabin waɗanda aka koya wa motsa jiki irin na yoga sun fita daga sahun masu ciwon, a kan kusan kashi ɗaya cikin biyar na waɗanda aka yi wa darasin lafiya kawai.

Ɓangare na biyu suna cewa mutum 63 da 64 ba su isa a gina gini a kansu ba, kuma yawancin masu gwajin masu goyon bayan hanyar ne. Tunawa a ƙwaƙwalwa take. Kafaɗa tana ɗaurewa ne don ƙwaƙwalwa tana aiko mata da umarni, ba don ta ajiye labarin shekara ashirin ba. Masana aikin jijiyoyi da dama sun ƙalubalanci ginshiƙan nazariyyar Porges. Hujja mafi ƙarfi, a cewarsu, tana tare da maganin tattaunawa mai tsari, inda ake taimaka wa mutum ya fuskanci abin da ya faru daki-daki har tsoron ya dusashe. Shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kai a 2013, tare da wata hanya da ake kira EMDR, wadda Francine Shapiro ta fara a 1987, inda majiyyaci ke tuna abin yana bin yatsan mai magani da ido dama da hagu. Abin mamaki, an yarda hanyar tana aiki, amma har yau ana gardama ko motsa idon ne ke yi ko kuwa tunawar ce.

Suna da wani tsoro kuma: a shawo kan kowa cewa yana ɗauke da ɓoyayyen rauni. Alƙaluman hukumar sun ce kusan kashi 70 cikin 100 na mutanen duniya suna haɗuwa da mummunan tashin hankali a rayuwarsu, amma kashi 5.6 ne daga cikinsu ke kamuwa da ciwon firgita, kodayake adadin yana hawa sosai bayan yaƙi da fyaɗe. Yawancin waɗanda suka tsira lokacin da rufin babban masallacin Zariya ya rufto ana sallar la'asar a Agustan 2023, ko waɗanda suka ga harin da aka kai kwalejin Nuhu Bamalli a Yunin 2021, abin da ake tsammani shi ne za su yi kwanaki ko makonni a firgice sannan su dawo daidai a hannun iyalansu. Waɗanda abin ya ƙi saki su ne ke buƙatar ƙwararre.

Idan aka duba da kyau, tazarar ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Masu maganin tattaunawa ma suna amfani da jiki. Har sukan sa mai fargaba ya hau matakala da gudu da gangan don ya ji bugun zuciyar ya ga bai mutu ba. Kan motsa jiki kuwa kusan baki ya zo ɗaya. Wani nazari da mujallar likitocin Birtaniya ta buga a 2024, wanda ya tattara gwaje-gwaje 218 masu mutum sama da 14,000, ya ga tafiya ko sassarfa, yoga da ɗaga nauyi suna rage ciwon damuwa rangwame matsakaici, duk da marubutan sun yi gargaɗin cewa ingancin da yawa daga cikin gwaje-gwajen bai taka kara ya karya ba. Abin da hujja ba ta kai gare shi ba shi ne alƙawarin cewa karkaɗe jiki na minti biyar zai kankare azabar da mutum ya sha a daji.

Malam, ungozoma da zaman makoki

Mafi yawan mutanen Zariya ba ta ɗaya daga cikin ɓangarorin nan suke fara bi ba. Gun malam ake fara zuwa, ko fasto ga Kiristocin Wusasa da Sabon Gari. A nan ma jiki yana da gurbi babba. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya umarci mai fushi da ya zauna in yana tsaye, in bai huce ba ya kishingiɗa. A Buhari da Muslim, Nana A'isha ta ruwaito cewa kunun sha'ir da ake kira talbina yana sanyaya zuciyar mara lafiya yana rage baƙin ciki. Sallar jam'i ta haɗa ruwan alwala, tattaki zuwa masallaci, ruku'u da sujada, kafaɗa da kafaɗa da jama'a. Zikirin 'yan ɗariƙa yana tafiya ne da numfashi da amo guda. Masu yin waɗannan don ibada suke yi, ba don magani ba, amma natsuwar da suke samu ba ta saɓa wa abin da aka sani game da jiki ba.

Al'ada ma haka. Zaman makoki yana hana wanda aka yi wa rasuwa kaɗaici, maƙwabta su kawo abinci, a matsa masa ya ci. Daka da lugude, mata uku a turmi ɗaya ana waƙa, motsa jiki ne da hira a haɗe, kuma injin niƙa ya rage shi ba tare da wani abu ya maye gurbinsa ba. 'Yan bori suna da girka da kiɗan garaya, abin da malamai suka yi tir da shi ta fuskar aƙida.

Malaman kansu ba bakinsu ɗaya ba. Wasu suna yin ruƙiyya su kuma ce a je asibiti. Wasu suna danganta komai da aljanu ko sammu ko raunin imani. Inda likitoci da doka da malamai da yawa suka ja layi shi ne duka, turara barkono da ɗaure mutum da mari. A Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa da ke Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Ga wanda tushen ciwonsa shi ne an taɓa mallake jikinsa da ƙarfi, sake danne shi da sunan magani fami ne. Wannan ƙa'ida ta hau kan masu tausa da masu sababbin hanyoyin ma: babu taɓawa sai da izini, mace ta sami mace, kuma majiyyaci yana da ikon cewa a tsaya.

Hatsarin ɗora komai a kan damuwa

Zariya tana da nata darasin a tarihin likitanci. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun bi diddigin mata sama da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka buga sakamakon a 1978. Sun danganta yawan abin da kunun kanwa mai yawan gishiri, wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Binciken baya-bayan nan a Kano ya karkata ga wasu dalilai, kamar ƙarancin sinadarin seleniyam da talauci. Ko ma wanne ne, ciwon yana nan. Mai jego da ke haki, gabanta na faɗuwa, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai da matasai, ba darasin numfashi take buƙata ba, likitan zuciya ne, kuma a ranar. Jegon da ya ba ta hutun kwana arba'in da tausar ungozoma da kulawar uwa yana da amfaninsa; ba shi ne zai gano wannan ba.

Ƙarancin jini, ciwon maƙoƙo mai sa rama da gumi, faɗuwar sukari, yawan goro da kofi da lemon ƙara kuzari, duk suna kawo faɗuwar gaba. An shekara da shekaru ana cewa tunani ne ke kawo olsa, sai da Barry Marshall da Robin Warren suka nuna ƙwayar cuta ce ke haddasa mafi yawanta, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Saboda haka awo ne farko. Ciwon ƙirji da gumi, suma, jin muryoyi, kwanaki babu ci babu barci, ko tunanin kashe kai, babu wanda za a tsaya yi wa dabarar gida.

Kuskuren ɗaya ɓangaren shi ne danne koken jiki da ƙwaya. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2013 ta hana ba da magungunan kwantar da hankali irin su diyazefam don firgita ko rashin barci a watan farko bayan tashin hankali, amma da su ake fara tarbar mutane a kantuna da yawa. Ta irin wannan ƙofar wasu suka faɗa tiramadol da kodin, wanda gwamnati ta hana haɗa maganin tari da shi a 2018.

Abin da zai iya canzawa ga mai ƙaramin ƙarfi

Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da ke Kaduna. Amma ƙungiyar likitocin fannin ta sha faɗa cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. A irin wannan hali, darajar hanyoyin jiki masu sauƙi ita ce ba sa cin kuɗi, kuma suna shiga ta ƙofar da majiyyaci ya buɗe da kansa. Wadda ta zo da zafin kai ba za ta ji an kira ta mahaukaciya ba idan aka fara da barcinta da numfashinta.

An gwada haka a wasu wurare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsari a 2016 na zama biyar, wanda mutumin da ba likita ba zai iya koya ya gudanar. Abin da ake fara koyarwa shi ne numfashi a hankali, sannan warware matsaloli ɗaya bayan ɗaya, komawa ga ayyukan da aka watsar, da neman dafawar jama'a. An gwada shi a Peshawar ta Pakistan da Nairobi, ya yi tasiri. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu ciwon da 'yan ƙasar ke kira yawan tunani.

Shawarar motsa jiki ma sai an auna wa ake ba. Minti 150 a mako da ake faɗa ya dace da ma'aikacin ofis da ɗalibi da mai zaman kanti. Mai tura baro a kasuwar Sabon Gari hutu da abinci yake nema. Matar da ba ta fita sai da dalili, tattakin Islamiyya tare da maƙwabta ko zagayen tsakar gida bayan asuba ne zai yiwu gare ta. Wasu masu firgita kuma rufe ido da sauraron numfashi ƙara tayar musu da hankali yake yi. Su gara su bar ido a buɗe, su taka ƙasa, su ƙirga abubuwan da suke gani a ɗaki.

Dokar 2023 ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya ta tarayya da asusun kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, ta kuma kare majiyyaci daga azabtarwa da wulaƙanci. Sai dai ƙananan asibitocin unguwa, inda irin Hajiyar nan za ta je idan maganin kemis ya sake gazawa, a hannun jiha da ƙananan hukumomi suke. Ko ma'aikaciyar da za ta tarar a can an horar da ita ta tambayi "yaya barci?" da "me ya faru kafin ciwon nan ya fara?", kuma tana da minti goma na sauraron amsa ga layin mata a waje, wannan a kasafin kuɗin Kaduna da na ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari da Giwa za a gani.